KYANWA MAI GADIN RUMBU, ITA MA TANA SON KULAWA

Bayan an gama girbi, an ɗaure dammai, an cika rumbu, aikin manomi bai ƙare ba. Akwai ɓarayin da darni ba ya tsaida su. Su ne kusu da gafiya. Suna cin hatsi, suna huda buhun wake, suna ɓata abin da ba su ci ba da kashi da fitsari. Shi ya sa gidaje da yawa, daga Dogonduci har Magarya, suke aje kyanwa. Wasu suna ce mata mussa, wasu mage. Namijinta shi ne muzuru.

Manomi ya san bisashensa. Ya san ranar da saniya ta nemi bijimi, yana ƙidayar watanni har ta haihu. Uwar gida ta san akuyar da ke da ciki, tana ƙara mata dusa. Kyanwa kuwa ba mai ƙidaya mata. Tana aiki dare da rana, ba a tuna ta sai ranar da ta cika gida da kuka, ko ranar da aka tarar da ɗiyanta bayan tukunya. Alhali ita ma tana da lokacin neman barbara, tana da cututtukan da ke biyo bayansa. In an yi sakaci, abin yana taɓa kyanwar, yana taɓa awaki da tumaki, wani lokaci har mutanen gida.

KUKAN DARE

Wata rana kyanwar da aka sani da natsuwa sai ta sake hali. Tana kuka mai ƙarfi, mai tsawo, kamar kukan jinjiri. Tana birgima a ƙasa. Tana goga jiki ga ƙafar mutane da jikin turmi. In an shafa bayanta sai ta kwantar da ƙirji, ta ɗaga ƙugu, ta kauda wutsiya gefe guda, tana taka ƙasa da ƙafafun baya. Cin abinci ya ragu. Da dare muzurai su taru bisa katanga, suna faɗa, su hana gida barci.

Wasu suna cewa iskoki ne suka shige ta. Wasu suna cewa ta haukace. Yara su bi ta da jifa, manya su kore ta da sanda. Kyanwar nan lafiyarta lau. Barbara take nema, kamar yadda akuya take kuka tana kaɗa wutsiya in tana neman bunsuru. Duka ba ya hana kukan. Abin da duka ke yi shi ne karya mata ƙashi, ko sa ta gudu ta bar rumbu ba mai gadi.

Kyanwa tana fara neman barbara tana da wata 5 zuwa 9. Wata tun tana da wata 4 take farawa, ita kanta ba ta gama girma ba. Neman yana ɗaukar kamar kwana 7, wani lokaci ya gaza, wani lokaci ya zarce. In ba ta samu muzuru ba, sai ta huta mako 2 ko 3, ta sake farawa. A ƙasashen Turai, inda yini ke gajarta ƙwarai lokacin sanyi, kyanwa tana samun hutun watanni. A Nijar tsawon yini ba ya sakewa da yawa tsakanin damina da rani. Saboda haka tana iya nema kusan kowane lokaci na shekara.

Abu biyu ya kamata mai kyanwa ya riƙe. Na farko, barbarar ce da kanta take sa ƙwai ya sauko a cikin kyanwa. Don haka in ta haɗu da muzuru, da wuya ta rasa ɗaukar ciki. In muzurai 2 ko 3 suka same ta, ɗiyan ciki guda suna iya zama ba ubansu ɗaya ba. Muzuru kuma bai san dangi ba: yana barbarar uwarsa, yana barbarar ƙanwarsa. Na biyu, kyanwa ba ta zubar da jini lokacin nema kamar yadda karya take yi. In an ga jini ko wani ruwa yana fita daga bayanta, ciwo ne.

CIKI DA HAIHUWA

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, wato mako 9. Galibi tana haihuwar ɗiya 3 zuwa 5. Suna zuwa ido rufe, sai bayan kamar kwana 10 suke buɗewa. Suna shan nono har mako 8. Amma uwar tana iya sake neman barbara tun ba ta yaye su ba. Ta haka kyanwa guda take haihuwa sau 2, har sau 3, cikin shekara.

Ga lissafi mai sauƙi, irin na allon makarantar yaƙi da jahilci. Haihuwa 2 a shekara, kowace ɗiya 4: an samu 8. In rabinsu mata ne, an samu sabbin uwaye 4, kuma kowace za ta fara nata kafin shekara ta kewayo. Ba gidan da zai iya ciyar da su duka. Abin da ke faruwa kowa ya sani: a zuba su cikin buhu, a kai su bayan gari ko kasuwa a zubar. A wani binciken da aka wallafa a Amurka a 2004, an bi ɗiyan kyanwoyin da ke yawo ba mai su. Cikin 4, guda 3 sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata 6.

Uwar ma tana shan wahala. Ciki bisa goyo yana ramar da ita, gashinta ya zube, ƙarfinta ya ragu. Ƙaramar kyanwa da ta ɗauki ciki tana da wata 5 ta fi shiga hatsari wajen haihuwa. In tana naƙuda da ƙarfi har awa 1 ba abin da ya fito, ko ɗa ya tsaya a hanya, a nemi malamin bisashe. Kada a ja ɗan da ƙarfi.

Mai ciki da mai goyo suna son ƙarin abinci da ruwa mai tsabta. Kyanwa bisa ce mai cin nama, ragowar tuwo da fura kaɗai ba su isar ta. A ba ta kan kifi, guntun nama dafaffe, dafaffen ƙwai in da hali. A kiyaye miya mai yawan albasa da tafarnuwa, domin suna ɓata jinin kyanwa. Masu cewa a bar ta da yunwa don ta ƙara kamun kusu sun yi kuskure. Ƙosasshiyar kyanwa ba ta barin farauta, kuma ita ce ke zama gida. Mai yunwa ita ce ke tafiya gidajen maƙwabta, ita ce ke cin ɗiyan kaji.

CIWO BIYU DA KE KASHE KYANWA MACE

Na farko shi ne mugunya cikin mahaifa. Kowane zagaye na nema yana sake yanayin mahaifa, kuma da tafiya ta yi nisa ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama. Ciwon yakan bayyana ƴan makonni bayan nema. Ya fi kama wadda ta manyanta, amma ƙarama ma ba ta tsira ba. Ga alamunsa:

1. Ta daina cin abinci, ta kwanta wuri ɗaya.
2. Tana shan ruwa da yawa, tana yawan fitsari.
3. Cikinta ya kumbura.
4. Wani ruwa mai wari, fari ko mai jini-jini, yana fita daga bayanta, tana yawan lasar wurin.

Wani lokaci bakin mahaifa a rufe yake, mugunyar ba ta fita. Wannan ya fi muni, domin mutanen gida suna ganin ciki ya yi girma su ce ciki ne gare ta. Mai ciki tana cin abinci sosai, tana yawonta. Mai mugunya tana ƙin abinci, tana laushi. In ba a yi sauri ba, dafin ciwon ya shiga jini, ko mahaifa ta fashe, ta mutu cikin ƴan kwanaki. Maganinsa tabbatacce shi ne likitan bisashe ya cire mahaifar.

Na biyu shi ne ƙari a nono. Kyanwa tana da nono 8, huɗu kowane gefe. Ƙarin yana farawa ƙarami, mai tauri, kamar ƙwarar wake ƙarƙashin fata. Daga baya ya girma, ya fashe, ya zama gyambo. A jikin kyanwa, ƙarin nono 8 ko 9 cikin 10 ciwon daji ne, mai saurin bazuwa har zuwa huhu. Ya kyautu sau ɗaya a wata mai kyanwa ya shafa cikinta da yatsu, daga ƙirji zuwa mara. In ya ji wani dunƙule, ya kai ta tun yana ƙarami. Kada a tsaga shi da aska, kada a ɗora masa wuta.

Likitocin bisashe na jami'ar Fensilbeniya a Amurka sun wallafa bincike a 2005. Sun gano cewa kyanwar da aka cire wa mahaifa da gidan ƙwai kafin ta cika wata 6, hatsarin ƙarin nono ya ragu gare ta da kashi 91 cikin 100. Wadda aka yi wa kafin shekara 1, ya ragu da kashi 86. Bayan shekara 2, aikin ba ya rage wannan hatsari sosai, ko da yake har yanzu yana hana mugunya da ciki.

HATTARA DA MAGANIN KASUWA

Ranar kasuwa ana samun ƙwayoyi iri-iri bisa tabarma da cikin kwali. Wanda kukan kyanwa ya dama yana iya sayen wani abu ya ba ta. Wannan hanya ta halaka kyanwoyi da yawa.

Ƙwaya da allurar tazarar haihuwa an yi su don mata, bisa awon jikin mutum. In an ba kyanwa, kukan yana iya tsayawa, amma maganin yana jawo mugunya cikin mahaifa, kumburin nono, ƙari, da ciwon suga. Akwai irin wannan magani na bisashe, shi ma yana da hatsarin nan, kuma likita kaɗai ya san awonsa da wa'adinsa.

Farasitamol, maganin ciwon kai da ke kowane gida, dafi ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya narkar da shi. Ƙwaya 1 tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Hakanan maganin ƙwari na gona da maganin kaska na shanu, kada a shafa mata su don ƙuma. Tana lasar jikinta, ta haɗiye. Gidan da ke da kyanwa kuma ya kiyaye zuba maganin kusu. In ta ci kusun da ya ci magani, ita ma tana iya tafiya.

ABIN DA YA SHAFI AWAKI DA TUMAKI

Wannan magana ta makiyaya ce da matan da ke kiwon jar akuyar Maraɗi a gida. Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, likitoci suna ce mata tokisofilasma. Kyanwa tana ɗaukar ta in ta ci kusu, ko tsuntsu, ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita. A karon farko da ta kamu, tana fitar da ƙwayayen cutar cikin kashinta, miliyoyi, har mako 1 zuwa 3. Daga nan jikinta ya saba, galibi ba ta sake fitarwa da yawa. Ƙwayayen suna daɗewa cikin ƙasa mai laima har watanni.

Ke nan ƙananan kyanwoyi, masu koyon farauta, su ne suka fi baza cutar. Kyanwa kuwa tana son haihuwa wuri mai laushi, mai duhu: cikin harawa, bisa buhun dusa, cikin kowar wake. Can ɗiyan suke tashi, can suke kashi. In akuya ko tunkiya mai ciki ta ci abincin nan, tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa matacce, ko raunanne da ba ya iya tsayuwa ya sha nono. Gidan da kyanwa ke haihuwa sau 3 a shekara, kullum da sabbin masu baza cuta. Gidan da ke da babbar kyanwa guda wadda ba ta haihuwa, hatsarinsa kaɗan ne.

Ba kowane ɓari ne laifin kyanwa ba. Yunwa tana sa ɓari, wasu cututtuka ma suna sawa. In ɓari ya yi yawa a garke, malamin bisashe ne zai duba. Kashe kyanwa ko korarta ba dabara ba ce: kusu zai ƙaru, baƙin kyanwoyi kuma su maye wurinta. Abin yi shi ne a ɗaure bakin buhun dusa, a ɗora harawa bisa runfa ko cikin ɗakin da ke rufe, a rufe randar ruwan bisashe. Abin da akuya ta ɓarar, da uwar ciki, a binne su da zurfi. Kada a jefa wa kyanwa ko kare, kada a taɓa su da hannu tsirara.

Mace mai ciki ita ma ta yi hattara, domin cutar tana iya taɓa ɗan da ke cikinta. Ba ita ce za ta kwashe kashin kyanwa ba. Ta wanke hannu da sabuni bayan aikin garka da kafin cin abinci. Ta wanke salati da tumatir sosai, ta ci naman da ya dahu ƙwarai. Shafa bayan kyanwa ba shi ne ke ba da cutar ba, kashin ne da naman da bai dahu ba.

CIZO DA YAKUSHI

Lokacin nema kyanwa tana yawo nesa, tana haɗuwa da muzurai da karnukan da ba a san lafiyarsu ba. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma tana iya ba mutum ta cizo ko yakushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kamar 59.000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duka ta cizon kare ne, amma ba kowace kyanwa ce kyanwar Lami ba, wadda ba cizo ba yakushi.

Mai nema tana son a shafa ta, ta san mutanen gidanta. Mai ciwon hauka tana dalalar miyau, ba ta iya haɗiya, tana tangaɗi, tana kai cizo ba dalili. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya tafi gidan likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Allurar tana aiki in an fara ta da wuri. In alamun ciwon suka fito ga mutum, ba magani. Akwai allurar rigakafi ta kyanwa da kare tun suna da wata 3. A tambaye ta a ma'aikatar kiwo.

MI YA KAMATA A YI?

Hanya ta farko ita ce tsarewa. Da an ga alamun nema, a sa kyanwa cikin ɗaki mai inuwa da iska, wanda muzuru ba ya iya shiga ta taga ko ta ƙarƙashin jinka. A aje mata ruwa, da abinci, da tsohon kwano cike da rairayi don kashi. A zubar da rairayin kullum cikin rami, nesa da bisashe, domin ƙwayayen cutar da aka ambata sai sun kwana 1 ko fiye a waje suke iya kama wani. A bar ta ciki har kukan ya wuce. Malamai sun sha faɗakarwa bisa matar nan da hadisi ya ba da labarin azabarta, don ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Wanda ya rufe kyanwa, cinta da shanta suna wuyansa.

Tsarewa tana hana ciki, amma ba ta hana mugunya da ƙarin nono. Kuma bayan mako 2 ko 3 sai a sake. Wanda ke da kalanda ko littafi ya rubuta ranar da kukan ya fara da ranar da ya ƙare. Rubutun zai nuna masa lokacin da zai shirya ɗaki. Ranar da ta kamu da ciwo kuma, likita zai tambayi waɗannan ranaku.

Hanya ta biyu ita ce fiɗiya. Manomi ya san taure ya fi bunsuru natsuwa da zama gida. Ana yi wa kyanwa mace aiki mai kama da haka, amma nata sai an buɗe ciki. Likitan bisashe yana sa ta barci da allura, ya cire gidan ƙwai da mahaifa, ya ɗinke. Ciwon yana warkewa cikin kwana 10 zuwa 14, in an tsare ta wuri mai tsabta an hana ta lasar ɗinkin. Daga nan ba kukan dare, ba taron muzurai, ba ciki, ba mugunya. Kamun kusu kuwa yana nan yadda yake. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tana da wata 4 zuwa 6, kafin nema na farko. Zancen cewa sai ta haihu sau ɗaya tukuna ba shi da tushe wurin likitoci.

Wannan aiki ba na wanzami ba ne, ba na mai dandaƙar shanu ba ne. Wanda ya gwada shi a gida zai kashe kyanwarsa cikin azaba. Ba kowane gari ke da mai yinsa ba, an fi samunsu a manyan birane kamar Yamai. Malamin bisashe na ma'aikatar kiwo mafi kusa shi ne zai faɗi inda ake yi da abin da ake biya. Fiɗiyar muzuru ta fi sauƙi, ta fi araha, tana rage masa yawo da faɗa. Maƙwabta 4 ko 5 suna iya haɗa kai, su yi magana da likita, a yi wa nasu rana ɗaya. Wanda zuciyarsa ke shakka ta wajen addini ya tambayi malamin garinsu, ya bayyana masa wahalar da uwa da ɗiya ke sha in an bar su haka.

Wanda yake son kyanwarsa ta haihu, ya bari ta cika shekara 1. Ya shirya mata kwando da tsumma nesa da harawa da dusa. Ya nemi gidajen da za su karɓi ɗiyan tun suna ciki, ya ba da su bayan mako 8. Bayan haihuwa ya tsare ta daga muzurai har ta maida jikinta.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan shafi, musamman mata da yara, domin su ne suka fi zama da kyanwa a gida. Ranar kasuwa mai zuwa kuma, wanda ya kai akuya wurin malamin bisashe ya tambaye shi zancen mussa kafin ya komo gida.